Yakubu a Hanyar Haran, Ɗanmu a Hanyar Abuja

Karatu: Farawa 28:10-22

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, sai ya buɗe Littafin Farawa sura 28, ya sa yatsa a kan aya ta 10. Wanda kuwa yake tuƙi, ko wadda take bakin murhu, kada ku damu. Za mu ba da labarin da bakinmu, in kun sami sarari sai ku karanta da kanku.

Maganarmu ta yau ga matasanmu take, maza da mata, waɗanda suka gama jami'a, ko kwalejin ilimi, ko makarantar koyon jinya, suka ɗaure kaya za su Abuja aiki. Waɗansunku an ba ku takardar ɗaukar aiki kun riƙe a hannu. Waɗansu bautar ƙasa ce ta kawo ku, kuka yi mako uku a sansanin Kubwa, kuka ce ba za ku koma gida ba sai kun sami abin yi. Waɗansu kuma ba ku da kome sai takardun makaranta a cikin leda, da lambar wayar wani kawu da ke zaune a Nyanya. Iyaye ma kada su kashe rediyo, gama akwai nasu rabo a ciki. Haka kuma mu da muka daɗe a birnin.

Bari mu fara da garin kansa. Abuja garin baƙi ne. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta keɓe wannan yanki domin sabon babban birnin ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa, shi ya koma Suleja. Sai ranar 12 ga Disamba 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, fadar gwamnati ta taso daga Legas. In ka cire Gbagyi, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, da sauran waɗanda aka tarar a ƙasar kakanninsu, kusan kowane babba da ka gani a titin Wuse ko Garki zuwa ya yi. In kana so ka tabbata, dubi birnin a makon Kirsimeti ko na Salla, yadda tituna suke zama wayam, kowa ya tafi inda yake kira gida.

To, mene ne lahanin garin baƙi? Ba tsadar haya ba ce kaɗai, ko da yake za mu zo kanta. Babban abin shi ne, ba wanda ya san ka. A Kagoro, ko Gindiri, ko Biliri, ko Numan, ko a ƙauyukan Kirista na ƙasar Kano da Katsina, in ka fasa zuwa sujada Lahadi biyu, kafin ta uku wata uwa daga zumuntar mata ta tsaya a ƙofar gidanku tana tambaya ko lafiya. In an gan ka inda bai kamata ba, kafin ka iso gida labari ya riga ka. A dā kana jin haushin wannan, kana cewa an sa maka ido. Ranar da ka sauka a tashar Utako ko Jabi, idon nan duka ya ɗauke. Wa'azin farko da Shaiɗan yake yi wa baƙo a birni gajere ne, tambaya ɗaya ce: wa ya san ka a nan?

Yanzu mu koma ga Yakubu. Kada mu yi masa ado. Yakubu bai bar gida da takardar digiri ba, gudu ya yi. Ya ruɗi mahaifinsa Ishaku wanda idonsa ya dushe, ya karɓe albarkar wansa Isuwa, Isuwa kuwa ya ƙudura zai kashe shi. Uwarsa Rifkatu ta ce ya tafi Haran wurin ɗan'uwanta Laban, ya ɗan zauna har fushin ya huce. Mahaifinsa kuma ya umarce shi ya auro mata daga can. Daga Biyer-sheba zuwa Haran ya fi kilomita 700, wato ya fi nisan Kano zuwa Abuja nesa ba kusa ba, ba mota, ba jirgin ƙasa. Littafi ya nuna mana Yakubu mutum ne mai zaman gida, Isuwa ne mutumin jeji. Ga ɗan ɗakin uwa a kan hanya shi kaɗai, da sanda a hannu.

Rana ta faɗi masa a wani wuri kusa da garin Luz. Bai san kowa ba. Ya ɗauki dutse ya yi matashin kai, ya kwanta a ƙasa. Da yawa daga cikin masu jinmu sun san irin daren nan. Ka kwana a kan tabarma a falon wani, jakarka ce matashin kanka, kana jin masu gida suna magana ƙasa ƙasa a cikin ɗaki, ba ka sani ba ko maganarka ake yi. Ko kin kwana ku biyar a ɗaki ɗaya a Mararaba, kin juya fuska bango domin kada a ga hawayenki.

A daren nan ne Yakubu ya yi mafarki. Ya ga tsani kafe a ƙasa, kansa ya kai sama, mala'ikun Allah suna hawa suna sauka. Ubangiji kuwa ya yi masa magana. Ya gabatar da kansa da sunan da Yakubu ya saba ji a gida, wato Allahn Ibrahim da na Ishaku. Ya yi masa alkawarin ƙasa da zuriya. Sa'an nan ya ƙara abin da matafiyi yake bukata, cewa zai kasance tare da shi, ya tsare shi duk inda ya nufa, ya komo da shi, ba kuwa zai rabu da shi ba sai ya cika abin da ya faɗa.

Ku lura da abu guda, 'yan'uwa. Ba Yakubu ne ya nemi Allah a daren nan ba. Ba a rubuta cewa ya yi addu'a kafin ya kwanta ba. Ba shi da bagade, ba shi da abin baiko, hannunsa ma ba shi da tsabta. Allah ne ya fara magana. Da Yakubu ya farka, tsoro ya kama shi, domin ya gane Allah yana wannan fili tun kafin ya iso, shi ne dai bai san da haka ba. Watakila a zuciyarsa Allah na alfarwar mahaifinsa ne, ya bar shi can Biyer-sheba tare da tsofaffi. Haka yawancinmu muke zuwa birni. Ba mu ce mun bar bin Yesu ba. Mun dai ajiye shi a gida, tare da rigar ƙungiyar mawaƙa da littafin waƙoƙi, da nufin in mun je hutun Kirsimeti za mu same shi inda muka bar shi.

Yakubu ya tashi da sassafe, ya kafa dutsen nan, ya zuba masa mai, ya sa wa wurin suna Betel, ma'ana Gidan Allah. Dutsen wahalarsa shi ya zama dutsen shaidarsa. Bai jira ya yi arziki ya gina wa Allah wani abu mai kyau ba, abin da ya kwana a kai shi ya miƙa. A cikin Bishara ta Yahaya sura 1 aya 51, Ubangiji Yesu ya ɗauki hoton tsanin nan ya ɗora a kan kansa, ya nuna shi ne mahaɗin sama da ƙasa. Saboda haka wanda yake na Almasihu, duk inda ya shimfiɗa tabarmarsa, a Lugbe ne, a Dutsen Alhaji ne, a Masaka ne, ƙofar sama a buɗe take a bisa kansa. Wannan ta'aziyya ce, gargaɗi ne kuma. Wanda yake ganin hawayenka a ɗakin nan, yana kuma ganin abin da kake kallo a waya da ƙarfe ɗaya na dare. Amsar tambayar Shaiɗan ke nan. Akwai wanda ya san ka a nan.

In kuwa kana jinmu, ka tashi a gidan Kirista, an yi maka baftisma, amma ba ka taɓa ba da kanka ga Yesu da bakinka da zuciyarka ba, to, ka sani bangaskiyar iyaye ba ta daɗewa a birni. Kamar guzuri take, kwana kaɗan ta ƙare. A Betel ne Yakubu ya fara maganar cewa Ubangiji zai zama Allahnsa shi kansa. Ko da yake, mu faɗi gaskiya, wa'adin nasa da ɗan ciniki a ciki, gama ya jera abinci, da sutura, da komowa lafiya, kafin ya yi maganar ba da ɗaya bisa goma. Halin Yakubu ke nan, bai sāke a dare ɗaya ba. Duk da haka Allah ya karɓe shi a inda yake, zai kuwa karɓe ka a daren yau in ka kira shi.

Mu ci gaba zuwa sura 29. Yakubu ya isa Haran. Laban ya sheƙo a guje, ya rungume shi, ya sumbace shi, ya kai shi gida, ya ce ai jininsu ɗaya. Wata ɗaya cur Yakubu yana baƙunci. Da wata ya cika, sai Laban ya kawo maganar aiki da lada. Wata ɗaya! Littafi Mai Tsarki ya san zuciyar mai masauki. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. In raɓa ta wuce hantsi ba ta bushe ba, sai a fara kiranta da wani suna.

Ɗanmu, kawunka da ke Nyanya ko Karu ba mugu ba ne in fuskarsa ta sāke bayan wata biyu. Kai kana ƙauye kana jin ana cewa yana Abuja, kana zaton kusa da Dutsen Aso yake kwana. Da ka zo sai ka tarar ɗaki ciki da falo ne, da yara huɗu, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. An tsara tsakiyar birnin da kyau, amma Maitama da Asokoro ba domin ƙaramin ma'aikaci suke ba. Tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, an rushe unguwanni da yawa da aka gina ba bisa tsari ba, a 2006 kuma aka hana acaba a tsakiyar gari. Masu ƙaramin ƙarfi suka ƙara matsawa gefe, har cikin jihar Nasarawa da jihar Neja. Shi ya sa dubban mutane suke aiki a Abuja amma suna kwana a Mararaba ko Suleja, su fito tun da asuba domin su tsere wa cunkoson motoci, su komo bayan yara sun yi barci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota ya zama wani haya na biyu. A 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a 2025 kuma aka fara biyan 'yan bautar ƙasa naira 77,000 a wata. A gida kuɗin nan suna da kauri a kunne. A nan, ka cire na mota da na abinci, ka tuna mai gidan haya yana son kuɗin shekara guda a dunƙule, dillali ma yana jiran nasa, sai ka ga abin da ya rage.

Saboda haka in kana gidan wani, kada ka zauna kamar ɗan sarki domin kana da digiri. Yakubu tun a bakin rijiya, kafin ya shiga gidan, ya kawar da dutsen da ke rufe da rijiyar ya shayar da tumakin kawunsa. Ka ɗebo ruwa, ka share tsakar gida, ka duba wa yara aikin makaranta. Ranar da ka sami ɗan kuɗi, ka shigo da mudun shinkafa ko gas ɗin girki ba sai an tambaye ka ba. Ka kuma faɗa wa mai gida tun da wuri har yaushe kake sa ran zama, domin rashin sanin ranar tafiya ya fi cin tuwon baƙo ciwo.

Sai maganar lada. A nan ne Laban ya nuna ko shi wane ne. Yakubu ya yi shekara bakwai domin Rahila, aka kai masa Lai'atu da dare. Wanda ya ruɗi mahaifinsa a cikin duhun makanta, shi ma an ruɗe shi a cikin duhu. Wanzami ba ya son jarfa. Ya ƙara shekara bakwai, sa'an nan shida domin garke, shekara ashirin ke nan. A sura 31 ya zayyana wa Laban abin da ya sha. Zafin rana ya ci shi, sanyin dare ya ci shi, barci ya gagare shi. In naman jeji ya kashe dabba, shi yake biya daga aljihunsa. Sau goma kuma Laban yana sauya masa lada. Wanda ya taɓa koyarwa a wata makarantar kuɗi a bayan gari, aka yi masa alkawarin albashi kaza, wata ya ƙare aka ba shi rabi, aka ce ya yi haƙuri iyaye ba su biya ba, ba ya bukatar a fassara masa wannan sura.

Muna so ku ji wannan da kyau, gama akwai masu wa'azi a birnin nan da za su gaya muku in Allah yana tare da ku, cikin wata uku za ku sayi mota. Allah ya yi wa Yakubu alkawari a Betel, sa'an nan ya bar shi shekara ashirin a hannun Laban. Kasancewar Allah tare da mutum ba ta hana shi haɗuwa da mugun ubangida ba. Ba ta ma hana masifa ba. Ranar 14 ga Afrilu 2014, bam ya tashi a tashar motar Nyanya da sassafe, ya kashe mutum fiye da 70, yawancinsu masu sammakon zuwa neman abinci, Kirista da Musulmi. Ba za mu ce waɗanda suka mutu Allah ya rabu da su ba. Alkawarin da muke da shi cikin Almasihu shi ne, ko rai ko mutuwa ba su iya fizge mu daga ƙaunarsa, kamar yadda Manzo Bulus ya koya mana a ƙarshen Romawa sura 8.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne irin aikin da Yakubu ya yi wa mutumin da yake cutarsa. Bai ci ragunan garken ba. Bai bar tumaki su lalace domin ramuwa ba. Har Laban da bakinsa ya yarda cewa saboda Yakubu ne Allah ya sa masa albarka. Muna tambayarka, kai da ka sami aiki a ma'aikatar gwamnati, ko banki, ko asibiti, ko kanti: shugabanka zai iya faɗin haka a kanka? Za a kawo maka takarda a ce ka sa hannu cewa an kawo kaya ɗari, alhali sittin ka ƙirga. Za a ce maka haka ake yi a nan, kowa yana da rabonsa, kai ma ga naka. Ba wanda ya san ka, iyayenka ba za su ji ba, ga kuɗin haya ya gabato. In ba ka yanke shawara tun kana kan dutsen Betel ba, a gaban teburin nan ba za ka iya yankewa ba. Ba mu ce ƙin sa hannu ba shi da tsada ba. Ana iya mai da kai wani lungu inda ba a ganin ko sisi, ana iya kiranka fasto da ba'a. Amma mun ga waɗanda aka yi wa dariya haka, ranar da bincike ya zo su kaɗai suka yi barci.

Ku da ba ku sami aikin ba tukuna, ku yi hankali da masu sayar da gurbin aiki. Wani zai ce ya san wani a Sakatariyar Tarayya, a kawo kuɗi kaza a ba da takarda. Iyaye su sayar da gona ko shanun noma, a kawo takarda mai tambari, ranar kama aiki a tarar ta jabu ce. Ko da ta gaske ce ma, cin hanci ne, ka kuwa shiga ta ƙofar da za a riƙa tuna maka da ita. Haka kuma bashin da ake ci ta waya, wanda in ka yi jinkiri kwana biyu sai a aika wa duk mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci, da cacar ƙwallo da take cinye albashin samari tun kafin goma ga wata. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga kuma ɓarayin da suke yawo da mota kamar tasi, waɗanda ake kira 'yan wan cans. Ki shiga mota a tasha, 'yarmu, ko da layin ya yi tsawo, kada ki tsai da wadda ba ki sani ba a bakin titi da dare.

Ke 'yarmu, akwai kuma wata magana. Za ki gamu da mai cewa zai taimake ki, amma a zo a same shi a otal bayan an tashi aiki. Kada ki tsaya kina auna ko za ki iya da shi. Yusufu ɗan Yakubun nan, da matar ubangidansa ta kama rigarsa a Masar, bai tsaya muhawara ba, ya bar rigar ya fita. Aikin da za a saya da jikinki ba Allah ne ya buɗe ƙofarsa ba. Kada kuma ki riƙe abin a ciki ke kaɗai don kunya. Ki faɗa wa matar fasto ko wata uwa a ikkilisiya. Kunyar ta mai neman ce, ba taki ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da Yakubu bai samu a Haran ba, amma ku kuna da shi. Yakubu ba shi da jama'ar Allah a can. Gidan Laban gidan gumaka ne, har Rahila ta sato su ranar da za su tashi, sai a sura 35, da Allah ya ce masa ya koma Betel, Yakubu ya tattara su ya binne a gindin itace kusa da Shekem. Shekara ashirin ba zumunta, abin da yakan shigo gidan mutum ke nan ba da saninsa ba. Ku kuwa ikkilisiyar Almasihu ta riga ku zuwa Abuja. Akwai ECWA a Wuse II, akwai EYN a Utako, akwai COCIN, da HEKAN, da LCCN, da Baftis, da Angilikan, da Katolika a unguwanni har bayan gari, da yawa kuma suna da sujadar Hausa. 'Yan bautar ƙasa suna da zumuntarsu ta NCCF. Wanda ya yi FCS a sakandare ko NIFES a jami'a ya riga ya san daɗin zumunta, kada ya ce ya girme ta.

Kafin ka bar gida, ka je wurin fastonka ka karɓi takardar shaida. Wannan ba sabon abu ba ne. Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Roma a kan wata 'yar'uwa mai suna Fibi, ya ce su karɓe ta su taimake ta, 'yan'uwa a Afisa kuma sun rubuta wa na Akaya domin Afolos. Lahadin farko, ba ta biyar ba, ka kai takardar, ka tsaya bayan sujada, ka faɗi sunanka, da garinku, da inda kake kwana. Mun lura waɗansu matasanmu in sun zo birni kunyar sujadar Hausa suke ji, sai su tafi babbar majami'a mai dubban mutane, su zauna a baya, a tashi su fita. Ba mu da faɗa da kowace ikkilisiya da take wa'azin Almasihu da gaskiya, ba mu kuma ce Allah ba ya jin Turanci ba. Tambayarmu ɗaya ce. A inda kake zuwa, in ka yi mako uku kana kwance da zazzaɓin taifot, akwai wanda zai lura kujerarka ba kowa? In babu, to, kallo kake zuwa, ba ka shiga ikkilisiya ba tukuna. Ka koma neman idon nan da ka gudo daga gare shi, ka sa kanka a ƙarƙashinsa da yardar ranka.

Mu kuma da muka daɗe a nan, dattawa, da zumuntar mata, da zumuntar maza, wannan magana tana kanmu. Sau nawa ake cewa baƙi su miƙe, mu tafa musu, mu rera waƙar maraba, a tashi kowa ya shiga motarsa? Yaron nan da ya miƙe, watakila kuɗin motar da ya kawo shi sujada shi ne na abincin ranarsa. Bulus da ya isa Koranti baƙo, Akila da Bilkisu suka ba shi wurin kwana da wurin sana'a, su ma kuwa baƙi ne da aka koro daga Roma. Ba kowa ne yake da aikin bayarwa ba, amma kowa yana da tukunya. Ka kira shi ya ci tuwo a gidanka, ka nuna masa unguwar da haya take da sauƙi, ka raka shi wurin mai gida domin kada dillali ya cuce shi. Wanda kuma yake da makaranta, ko kanti, ko kamfani, yana riƙe albashin yaran nan yana zuwa yana ba da babban baiko, ya karanta Wasiƙar Yakubu sura 5 aya 4, ya ji inda kukan ma'aikacin da aka hana hakkinsa yake kaiwa. Kada a sami Laban a kujerar dattawa.

Iyaye a gida, ku ma ku sassauta. Yaro ya yi wata biyu a Abuja, an fara jera masa kuɗin taki, da na makarantar ƙanne, da na kwanon rufi. In ya ce babu, a ce birni ya lalata shi. Irin wannan matsi ne yake tura waɗansu su sa hannu a takardar da muka ambata. In kun kira shi, ku fara tambayarsa ko ya ci abinci, da sunan fastonsa. Kai kuma ɗanmu, kada ka yi ƙaryar arziki. Kada ka tsaya gaban motar wani ka ɗauki hoto ka sa a Facebook, gama wanda ya ga hoton zai aiko da bukatarsa daidai da girman motar. Ka faɗa musu gaskiyar abin da kake samu, ka aika da kaɗan ɗin da za ka iya a kan kari. Ka kuma riƙa zuwa. Rifkatu ta ce wa ɗanta ya je ya yi 'yan kwanaki, kwanakin suka zama shekara ashirin, Littafi kuwa bai nuna mana sun sāke ganin juna ba. Zumunta a ƙafa take.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Allah na Betel, muna kawo maka 'ya'yanmu da suke kan hanya a daren nan, daga Jos, da Kaduna, da Yola, da Gombe, da Kano. Ka kai su lafiya. Muna kawo maka wanda yake kwance a falon wani, da wadda ta yi wata shida tana yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, da wanda aka riƙe masa albashi, da wadda ake matsa mata ta yi abin da ba ka so. Ka yi musu magana kamar yadda ka yi wa Yakubu. Ka ba su abinci da sutura da wurin sa kai, ka kai su cikin jama'arka. Ka buɗe gidajenmu da tukwanenmu dominsu. Ka ba birnin Abuja salama, da masu mulki, da maƙwabtanmu Musulmi, da Gbagyi da sauran masu ƙasa. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba Farawa sura 32, daren da Yakubu ya yi kokawa a mashigin Yabbok. Ku karanta kafin mu sadu. Ku huta lafiya.